Inda Aka Karce

Ni ɗan gwangwan ne, Tanimu, mazaunin Agege.
Abin da na sani game da tagulla shi ne kilo:
a ɗora a sikeli, a yi ciniki, a wuce.

Wata Talata a Shomolu ruwa ya tsare ni
a bakin wani shago da injuna ke tari kamar tsofaffi.
Wata mata, Remilekun, tawada har gwiwar hannu,
ta leƙa kurata, ta zaro fallen jan ƙarfe,
ta ce kada in kai wa masu narkarwa.
Ta biya ninki biyu ba ta taya ba.
Na ce a raina, Ikko ba ta rasa masu taɓin hankali.

Ruwa bai ɗauke ba, sai na zauna kallo.

Ta goge shi har na ga giɓina a ciki.
Ta shafe shi da kaki, ta kifa shi kan fitila,
hayaƙi ya mai da shi dare.
Ta ɗauki allura, ta dube ni, ta dubi daren,
ta fara karta.
Ba ta taɓa naman ƙarfen, kakin kawai take buɗewa,
kamar mai share hanya ga baƙon da bai iso ba.

Baƙon yana cikin roba, ruwa ne mai warin batir.
Ta tsoma fallen. Kumfa ya taso ƙanana,
ta kore shi da gashin kaza.
Ta ce, inda kaki ya rufe, ruwan ba ya ci;
inda aka buɗe, nan yake cizo.
Minti biyar, zare. Minti ashirin, kwari.

Na buɗe tafin hannuna.
Shekara goma sha ɗaya ke nan ina cikin robar garin nan.
Wannan layin waya ce ta yi shi a Oshodi.
Wannan bakin kwano ne, Ijora, da azumi a bakina.
Masu kaki suna wuce ni a mota, gilashi a rufe,
babu abin da ya cije su.
Ba hassada nake yi ba.
Da na sami kakin, da ni ma na shafa.

Ta wanke, ta cusa tawada,
ta goge da tsumma, ta ƙarasa da gefen hannu
har fuskar ƙarfen ta yi fes.
Sai dai raunukan sun ƙi sakin abin da suka sha.

Takarda mai laima, bargo a kai.
Ta ce, zo kama mini.
Na murza injin, nauyinsa na hawan gada ne
da kura cike da rodi.

Ta ɗaga takardar a hankali kamar mai ɓare miki.
Ga ni nan. Ga hulata, ga jarkar ruwana.
Amma komai ya juya:
kafaɗar da ta sage ta koma mai lafiya,
kurar da kullum ke gangarawa teku
ta mai da hancinta arewa.

Ta rubuta da fensir: ɗaya cikin ashirin.
Tanimu ashirin za su yi tura a falukan Ikoyi,
babu mai gumi a cikinsu.
Ta ba ni wanda yatsana ya ɓata.

Yana nan rataye a ɗakinmu, mu shida.
Sallau ya ce bai yi kama da ni ba,
amma ya gane karkatacciyar tayar.

Yanzu in na tsinci tagulla
nakan ɗan juya ta ga rana kafin sikeli,
in duba ko wani ya taɓa barin magana a jikinta.
Sannan in sayar.
Yara a Gumel ba sa cin hoto.